Baffa Dogari da Takardar Rantsuwarmu

Wannan makon layi ya zo kanmu, muna godiya ga masu kula da zauren da suka ba mu dama. Rubutun yana da ɗan tsawo, kuma akwai tonon asirin kai a cikinsa, don haka a karanta da haƙuri.

A zaman ƙungiyarmu ta marubuta na watan jiya, wani ɗan uwa ya karanta mana gajeren labarinsa. Labari ne mai daɗi, na wani manomi da aka ƙwace wa gona. Da aka je gaban alƙali, sai aka kawo dogarin sarki ya ba da shaida cewa gonar ta fada ce tun kaka da kakanni, alhali ya san ƙarya yake yi. Aka tafa wa marubucin. Da aka zo sharhi, mu kaɗai muka ɗaga hannu muka tambaya: me ya sa dogarin ya yi ƙaryar? Kuɗi aka ba shi, ko tsoro ya ji, ko dama yana jin haushin manomin? Marubucin ya yi murmushi ya ce, “Haba malam, dogari ne fa. Sai an kawo dalili?” Aka kwashe da dariya. Wani daga baya ya ƙara da cewa ai ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma har a Ingila haka ma'aikatan fada suke, abin da uban gida yake so shi suke faɗa ko a gaban kotu ne.

Mu dai ba mu yi dariyar ba, domin a gidan dogari aka raine mu. Mahaifinmu ya rasu muna firamare, ƙaninsa ne ya ɗauke mu ya haɗa da 'ya'yansa. Baffa ya shafe fiye da shekara talatin yana sa ja da kore a fadar garinmu kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Mun tashi muna ganin yana fita bayan sallar asuba, wani lokaci ba ya dawowa sai mun yi barci. Lokacin hawan sallah kuwa sai mu yi kwanaki ba mu sa shi a ido ba. A makaranta ana ce mana 'ya'yan fada, ana ɗauka kullum naman rago muke ci. Gaskiyar magana, kuɗin rajistarmu na shekarar farko a kwalejin fasaha sai da Baffa ya sayar da tunkiyar Inna ya cika.

Abubuwa uku muka fi ji ana faɗa a kan mutanen fada. Ana cewa 'yan cin banza ne, ba su da aiki sai amshi da fadanci. Ana cewa suna cikin daula. Na ukun shi ne wanda ya fito a labarin ɗan uwanmu, wato ba su da gaskiyar kansu, harshensu na sarki ne, in ya ce su rantse za su rantse.

Maganar rashin aiki ba ta buƙatar dogon musu. Wanda ya san tsarin Gidan Rumfa a Kano ya san Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama ba zaman kashe wando suke yi ba, tun da can su ne ke riƙe da harkokin cikin gida, da dawakai, da shige da ficen masu son ganin sarki. Kilishi ke kula da shimfiɗar sarki. Jakadiya ke kai saƙo tsakanin cikin gida da waje. Ga magatakarda da masu ajiye takardun gado da na filaye, ga direbobi da masu girki. Kuma duk wanda ya isa hankali a watan Janairu na 2013 yana tuna ranar da aka buɗe wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero wuta a kusa da Masallacin Murtala. Sarki ya tsira, amma direbansa da wasu dogaransa sun rasa rayukansu a wurin. Ranar Baffa bai ci abincin dare ba, duk da ba a fadarsu abin ya faru ba. Ya zauna a soro da rediyonsa har tsakar dare.

Maganar Ingila ce ta tsaya mana a rai, domin an faɗe ta da ƙarfin gwiwa kamar an karanto ta a wani wuri. Da muka koma gida sai muka sake bibiyar shari'o'i biyu da suka shafi ma'aikatan fadar can, muka ga abin ya sha bamban da yadda aka faɗa.

Ta farko ita ce ta Megan, matar Yarima Hari. A 2018 ta rubuta wa mahaifinta wasiƙa da hannunta. A watan Fabrairu na 2019 jaridar Mail on Sunday ta buga sassan wasiƙar, ita kuma ta maka kamfanin jaridar a kotu kan tona sirrinta da kuma buga rubutunta ba izini. A Fabrairun 2021 babbar kotu a Landan ta ba ta gaskiya ba tare da an yi doguwar shari'a ba. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara. A nan ne wani mai suna Jason Knauf, wanda ya taɓa zama sakataren yaɗa labaranta da mijinta, ya ba kotu rubutacciyar shaida. Kafin nan ɓangaren Megan ya musanta cewa ta ba da haɗin kai ga marubuta biyu da suka wallafa littafin Finding Freedom a kanta da mijinta a 2020. Shi kuwa tsohon ma'aikacin nata ya kawo saƙonnin da ke nuna ta turo masa bayanan da zai iya faɗa wa marubutan. Dole a watan Nuwamba na 2021 ta nemi afuwar kotu, ta ce ta manta da waɗannan saƙonni ne, ba ta yi niyyar ruɗar kowa ba. Alƙalai uku na kotun ɗaukaka ƙara suka duba, suka ce mantuwar ba ta yi kyau ba, amma ba ta taɓa ainihin abin da ake shari'a a kai ba. Ranar 2 ga Disamba 2021 suka tabbatar mata da nasara.

A wannan shari'ar, ma'aikacin fada ne ya kawo takardar da ta kunyata uwar ɗakinsa ta da. Da ra'ayin ɗan uwanmu gaskiya ne, da ya yi shiru ko ya goya mata baya. Abin mamaki, da ya yi magana sai magoya bayanta suka ce munafuki ne, wani ɓangare na fada ne ya turo shi. Wato in ma'aikacin fada ya goyi bayan uban gidansa a ce maƙaryaci ne, in ya saɓa masa a ce maci amana ne. Ba a bar masa ƙofar da zai fita a matsayin mutumin da ya faɗi abin da ya sani ba.

Ta biyu ita ce ta Paul Burrell, hadimin Gimbiya Dayana. Bayan rasuwarta a 1997, 'yan sanda sun sami kayanta masu yawa a gidansa, aka gurfanar da shi a 2002 bisa zargin satar abubuwa fiye da 300. Jama'a suka yanke masa hukunci tun kafin alƙali ya yi magana, tunda bara ne ai ɓarawo ne. Ana tsakiyar shari'a sai Sarauniya Elizabet ta tuna cewa ya taɓa gaya mata, ba da daɗewa da rasuwar ba, cewa ya ajiye wasu kayan don kada su salwanta. Ranar 1 ga Nuwamba 2002 shari'ar ta rushe, aka sallame shi. Amma labarin bai tsaya nan ba. A 2003 ya fitar da littafi a kan rayuwarsa da gimbiyar, 'ya'yanta suka fito fili suka ce ya ci amanar mahaifiyarsu. A 2008 kuma, wajen binciken musabbabin mutuwarta, alƙalin da ya jagoranci zaman ya ce a fili take Burrell bai faɗi gaskiya ba a shaidar da ya bayar.

Mutum ɗaya ke nan: an yi masa ƙazafin sata ya fita, daga baya kuma aka kama shi da rashin gaskiya a wata maganar daban. Ba mu kawo shi don mu wanke ma'aikatan fada ba. A cikinsu akwai mai gaskiya, akwai maƙaryaci, akwai wanda yau ya yi gaskiya gobe ya kauce, kamar yadda ake samu a kasuwa da asibiti da sakatariyar ƙaramar hukuma. Mu ma mun san fadawan da suka ci kuɗin mutane da sunan za su kai su gaban sarki. Baffa da kansa yakan ambace su ya girgiza kai. Abin da muka ƙi yarda da shi shi ne a ce rigar ce dalilin ƙaryar.

Yanzu ga tonon asirin da muka yi alkawari.

A 2023 aka buɗe ɗaukar wani aikin ɗamara, aka ce kada mai nema ya wuce shekara 25. Mu kuwa an haife mu a farkon 1996, shekararmu 27. Mun shiga makaranta a makare, mun zauna shekara biyu a gida saboda rashin kuɗi, ga difloma a hannu ba aiki. Abokanmu suka ce wannan ai ba matsala ba ce, kowa haka yake yi. Ka je kotu ka yi takardar rantsuwar shekarun haihuwa, ka mayar da ita 1998, shi ke nan. Duk wanda ya taɓa yin takardar ya san yadda take. Wani babba ne daga danginka yake bayyana cewa shi ya san ranar da aka haife ka, ya sa hannu a gaban kwamishinan rantsuwa, a buga hatimi. Tunda mahaifinmu ba ya raye, Baffa ne ya kamata.

Muka je wurin mai kwamfuta aka buga, muka kawo masa bayan la'asar yana zaune a soro. Baffa ba ya karatun boko sosai, amma yana gane lamba. Ya riƙe takardar nesa da idonsa, ya daɗe yana kallo, ya ce, “Wannan takwas ce ko shida?” Muka ce, “Takwas ce, Baffa.” Muka shiga yi masa bayani, cewa shekara biyu ce kawai, ba wanda za a cuta, kowa yana yi, har 'ya'yan manya.

Ya ce, “Ɗana, an haife ka shekarar sanƙarau. Ni na je kasuwa na jawo ragon sunanka, ana ta kai mutane asibiti. Ranar da aka ce Abacha ya rasu kuwa kana yawo da ƙafarka a tsakar gidan nan, kana bin kaji. Yanzu in je in ce a shekarar aka haife ka?”

Muka ce ai ba Alƙur'ani zai dafa ba, hannu kawai zai sa. Ya ce shi a wurinsa duk ɗaya ne. Ya ce a shekarun da ya yi a fada an sha aikensa ya je ya gano iyakar gona ko ya ji ta bakin masu rigimar gado, ya dawo ya faɗi abin da ya gani, kuma da wannan maganar tasa ake yanke wa mutane hukunci. Da ya taɓa ƙara ko taku ɗaya a kan iyakar wani, da tuni an daina aikensa. Ya miƙo mana takardar ya ce mu nemi wani aikin, Allah ba zai hana mu ba.

Mun yi fushi, ba za mu ɓoye ba. Har muka faɗa wa Inna maganar da har yau muke jin kunyarta, cewa mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana amsa “gaskiya ne ranka ya daɗe” shi ne yau zai koya mana gaskiya. A ranar mun yi masa irin kallon da ɗan uwanmu marubuci ya yi wa dogarin labarinsa, mu da muka ci tuwon gidansa shekara da shekaru.

Washegari muka tafi bakin kotu. A can ba a rasa wanda zai zama kawunka na minti goma. Aka samo mana wani dattijo da ba mu taɓa gani ba, ya sa hannu cewa yana nan aka haife mu, muka ba shi na goro. Kafin azahar takarda ta fito da hatiminta. Ba mu ji komai a ranmu ba, har shayi muka tsaya muka sha a hanya.

Ranar tantancewa aka karɓi takardunmu. Jami'in ya jera su a kan tebur, takardar rantsuwa tana cewa 1998, takardar NIN tana cewa 1996, ta kammala sakandare ita ma 1996. Bai yi faɗa ba, bai zage mu ba. Ya ɗago kai ya ce, “Malam, wanne ne kai a ciki?” Muka rasa abin cewa. Ya haɗa mana takardunmu ya ce a kira na gaba. Da ya so ya tsananta da ya iya, domin rantsuwar ƙarya laifi ce a dokar ƙasa, ana ɗaure mutum a kanta. Muka hau mota muka dawo gida, tafiyar awa uku ba mu ce wa kowa uffan ba.

Baffa bai taɓa tayar da maganar ba. Da muka shigo ya ce sannu da hanya, ya ce Inna ta zubo mana abinci. Shirun nan ya fi mana zafi a kan duk faɗan da zai yi.

Tun daga lokacin muke tunanin yadda muka mayar da takardar kotu abin wasa. Muna rantsuwa cewa katin waya ya ɓata alhali yana aljihu. Muna rantsuwa kan canjin suna, kan shekaru, kan garin haihuwa, ba tare da mun karanta abin da mai kwamfuta ya buga ba. Manyanmu sun ba mu labarin Salisu Buhari, wanda ya zama kakakin Majalisar Wakilai a 1999, aka gano ya ƙara wa kansa shekaru ya kuma yi iƙirarin digirin Jami'ar Toronto da bai yi ba, ya sauka yana kuka a gaban duniya. Muna jin labarin muna dariya, alhali da yawa daga cikinmu abin da ya yi shi muke yi, bambancin kawai shi ya ƙara mu mun rage. Kuma duk mun san a islamiyya an karantar da mu cewa shaidar zur tana cikin manyan zunubai, an jero ta tare da shirka da saɓa wa iyaye.

Mun san uzurinmu, kuma uzuri ne mai nauyi. Yaron da yajin aiki da talauci suka cinye wa shekara uku, sannan a ce masa ya tsufa da neman aiki yana ɗan shekara 27, an zalunce shi. Ƙa'idar shekarun tana buƙatar gyara, kuma ya kamata mu masu alƙalami mu yi ta rubutu a kanta har a ji. Amma wanda muka ture a layi da takardar ƙarya ba shi ya kafa ƙa'idar ba. Wani yaro ne ɗan shekara 24 na gaskiya, mai yiwuwa shi ma maraya ne, shi ma an sayar da tunkiya an biya masa makaranta. Lokacin da muka ce wa Baffa ba wanda za a cuta, wannan yaron ne ba mu lissafa ba.

Akwai kuma abin da shari'ar Megan ta nuna mana. Abin da ya kama ta tsohon saƙo ne da ya zauna a ajiye shekara uku. Mu ma abin da ya kama mu lamba ce da muka bayar da bakinmu tun muna sakandare. A da mutum yana iya rantsuwa uku a kotu uku ba wanda zai haɗa su. Yanzu NIN da BVN da takardar jarrabawa suna ajiye a kwamfuta, kowacce tana jiran 'yar uwarta. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, a zamanin nan ya ƙara ƙurewa. Ita ta ce mantuwa ta yi, kotu kuma ba ta kama ta da ganganci ba. Mu ba mu da wannan mafakar, domin da idonmu biyu muka ce wa mai kwamfuta ya sa takwas.

Bayan zaman ƙungiya mun samu ɗan uwanmu marubuci a gefe, muka ba shi wannan labarin kamar yadda muka ba ku. Ba mu ce ya mayar da dogarinsa waliyyi ba. In labarin yana buƙatar dogarin ya yi ƙarya, ya yi, amma a nuna mana abin da ya kai shi, ko bashi ne, ko 'yarsa ce za a aurar ba shi da ko gado, ko tsoron a kore shi daga gidan da kakansa ya yi wa bauta. A nuna mana daren da ya kwana yana juyi kafin ya je kotun. Ya ce zai sake dubawa, har ya tambaya ko zai iya zuwa ya gaida Baffa. Mun ce ƙofa a buɗe take, ya zo da goro, kuma ya shirya zama, domin in Baffa ya fara labarin hawan sallar da sai an kira magariba.

Takardar 1998 tana nan a cikin fayil ɗinmu, a bayan takardar difloma. Ba mu sake nuna ta a ko'ina ba, kuma ba mu yaga ta ba. Yanzu muna aiki a wani shagon buga takardu, kuma kusan kullum sai wani ya zo a buga masa irinta. Mukan tambaye shi shekarar da ke kan NIN ɗinsa, mu ba shi labarin jami'in nan da tambayarsa. Wasu su gyara, wasu su karɓi kuɗinsu su tafi shagon gaba. Mai shagon ya yi mana magana sau biyu kan cinikin da muke korar masa, kuma ba mu san ranar da zai gaji ba.

Baffa yana nan, gwiwar ce dai ta matsa masa, a sa shi a addu'a. Masu irin wannan takarda a fayil, mun san ba mu kaɗai ba ne a zauren nan, ba sai kowa ya tona kansa kamar yadda muka yi ba. Wanda kuma yake da ɗan uwa a fada, ko ya taɓa zama da su, muna son jin abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi. Allah Ya yafe mana abin da ya wuce, Ya ba matasanmu aikin yi na halal. Sai wani makon in layi ya sake zagayowa.